Algoridim: tsarin lissafi ne, ba aljani ba

Kalmar algoridim ta cika gari. A shirye-shiryen rediyo na Hausa a nan Kumasi, da majalisun matasa a Aboabo da Asawase, da wuya a taɓo maganar TikTok ko Facebook ba a ambace ta ba. Mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia idan bidiyonta bai samu masu kallo ba sai ta ce algoridim ne ya danne ta, ɗan siyasa kuwa idan jawabinsa bai yaɗu ba sai ya ce abokan hamayya sun saye algoridim. Abin da ke damuna shi ne yadda ake furta kalmar kamar sunan wani aljani mai son zuciya, wanda yake ɗaukaka wanda ya ga dama, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi dalili.

A kimiyyar kwamfuta, algoridim jerin matakai ne bayyanannu da ake bi ɗaya bayan ɗaya domin warware wata matsala. Donald Knuth, masanin kimiyyar kwamfuta, a littafinsa na 1968, ya gindaya masa sharuɗɗa biyar, kuma biyu daga ciki su ne suka fi shafar maganarmu: dole kowane mataki ya fito fili ba tare da harshen damo ba, kuma dole aikin ya zo ƙarshe bayan matakai ƙidayayyu. Abin da ba za a iya rubuta shi a takarda wani ya bi ya samu sakamako iri ɗaya ba, bai cancanci wannan suna ba.

Asalin kalmar sunan mutum ne, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da taurari da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin halifa al-Ma'amun. Nisbarsa ta yankin Khawarizm ce, a ƙasar Uzbekistan da Turkmenistan na yau. A ƙarni na 12 aka juya littafinsa kan lissafi da lambobin Indiya zuwa Latinanci, sunansa ya koma Algoritmi, daga nan Turawa suka riƙa kiran hanyar lissafin kanta da sunan malamin. Ɗaya littafin nasa, wanda kalmar aljabara ta fito daga sunansa, kaso mai yawa na cikinsa a kan wasiyya da rabon gado ne. Wannan ya kamata ya tsayar da mu, domin duk wanda ya taɓa zama gaban malami a Zango ana raba gado ya ga algoridim da idonsa: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a ba masu rabo ƙayyadadde nasu, abin da ya rage ya tafi ga asaba. Malamai biyu da ke bin mazhaba ɗaya, idan aka ba su magada iri ɗaya, amsa ɗaya za su bayar, kuma idan ɗaya ya kauce ana iya nuna matakin da ya yi kuskure.

A wajen ɗalibin da ke koyon hanyoyin bincike da rubutun kimiyya, nan ne aikin yake. A ɗauki jerin sunaye miliyan ɗaya da aka tsara bisa haruffa. Mai duba su ɗaya bayan ɗaya yana iya duba miliyan ɗin gaba ɗaya kafin ya samu wanda yake nema, amma mai buɗe tsakiya, ya jefar da rabin da sunan ba zai kasance a ciki ba, ya sake raba sauran biyu, ba zai wuce dubawa 20 ba. Faɗin cewa hanya ta biyu ta fi sauri ba bincike ba ne. Bincike shi ne a rubuta matakan, a kawo hujjar cewa kullum suna kai wa ga amsa daidai, a nuna yadda lokacin aikin ke ƙaruwa idan bayanan suka ƙaru, sannan a bayyana irin na'ura da bayanan da aka yi gwaji da su. Ko wannan hanya mai sauƙi ta taɓa kunyata manya. A 2006 injiniyan manhaja Joshua Bloch ya sanar cewa wadda ke cikin Java, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, wadda shi da kansa ya rubuta, ta shafe kimanin shekara 9 da kuskure a cikinta: idan jerin ya kai wajen biliyan ɗaya, jimillar lambobi biyu da ake haɗawa don gano tsakiya tana wuce 2,147,483,647, sai lissafin ya birkice. Kuskuren ya fito fili ne da ya lalata wa wani manhajarsa, amma an iya nuna matakin da yake saboda matakan a rubuce suke, kowa na iya karantawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga kundin kammala digiri an rubuta "mun yi amfani da algoridim na ƙirƙirarriyar basira" an wuce, babu sunan hanyar, babu bayanin yadda aka raba bayanan da aka horar da na'urar da su da waɗanda aka gwada ta da su, babu wata tsohuwar hanya da aka kwatanta sakamakon da ita. Mai wannan rubutu da mai sharhi a rediyo abu ɗaya suke yi, wato fakewa a bayan kalma. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa hanyarsa ta gano tafarki mafi kusa tsakanin wurare biyu a 1959 cikin shafi uku kacal, kuma har yau ana koyar da ita a ajin kimiyyar kwamfuta, ko a jami'ar KNUST ta Kumasi ko a Jami'ar Ghana da ke Legon.

Gaskiya ne cewa TikTok da Facebook suna da tsarin da ke zaɓar abin da kowa zai gani, kuma ba sa bayyana cikakken yadda yake aiki. Sai dai ɓoye abu daban, rashin dalili daban. Ma'aikatan kamfanin ne suka yanke shawarar abin da tsarin zai fifita, ko tsawon lokacin kallo, ko yawan sharhi, ko yawan turawa, kuma su ne ke sauya shi idan sun ga dama. Mai gabatar da shiri da ya ce "algoridim ne ya yi" ya sauke wa kamfanin nauyin amsa tambayar da ta kamata a yi masa, wato me aka umarci tsarin ya fifita, kuma wa ya ba da umarnin.