Ciyawa, tattabaru da shinge: abin da ke haɗa maƙwabta faɗa a Amurka da Ingila

A ƙasashen Turawa akwai rigingimun maƙwabta da idan Bahaushe ya ji zai ɗauka wasa ne. Wani ya bar ciyawar ƙofar gidansa ta yi tsawo, wata tana watsa wa tsuntsaye hatsi, wani shingensa ya tare wa na kusa da shi rana, kuma duk ana zuwa kotu a kansu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Da gaske ana cin mutum tara saboda ciyawa?

Ƙwarai kuwa. Garuruwa da yawa a Amurka sun ƙayyade tsawon da ciyawar farfajiya za ta kai, galibi tsakanin inci 8 da 12. In ta wuce, sai a aiko takardar gargaɗi, in ba a yanke ba hukuma ta turo mai yanka ta kawo wa mai gida lissafin kuɗin. A garin Dunedin na jihar Fulorida, a 2018, wani dattijo ya yi tafiya ciyawarsa ta yi tsawo, aka riƙa lissafa masa tarar dala 500 kowace rana har ta kai kusan dala 30,000. Ya kai ƙara, amma a 2021 kotun tarayya ta ce tarar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

Ban da hukuma, akwai ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa, waɗanda ake kira HOA. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya shiga ƙungiyar ke nan, ko yana so ko ba ya so, kuma tana da ikon cin tara.

To ina ruwan wani da farfajiyar wani?

A gidan Bahaushe katanga ce ke raba gardama: ko rama ka shuka a tsakar gida ko zogale, ba mai gani. Unguwannin bayan gari na Amurka kuwa an tsara su ne ba katanga a gaba, ciyawar wannan gida ta haɗe da ta wancan har ƙarshen layi. Levittown, unguwar da aka fara ginawa a 1947 kusa da birnin New York, ta hana kafa shinge, ta kuma wajabta wa mazauna yanke ciyawa duk mako a lokacin da take tsiro. Da irin wannan tarbiyya mutane suka taso. Sai kuma batun kuɗi. Gida shi ne babbar dukiyar yawancin iyalai, kuma sun yi imani cewa gida ɗaya mai kama da kango zai karya farashin duk layin. Shi ya sa mai ƙorafi bai cika cewa “ba na son furanninka” ba. Abin da zai ce shi ne “kana rage wa gidana daraja”.

Wanda ba ya son shimfiɗaɗɗiyar ciyawa fa, ba shi da 'yanci?

Yana samu sannu a hankali. Ciyawar nan ba a cin ta, ba dabbar da ke kiwo a kanta, amma tana shan ruwa da taki da maganin ƙwari, ga man injin yanka. Saboda haka mutane da dama suka koma shuka tsirran da asalinsu na yankin ne, masu jawo zuma da malam-buɗe-littafi. A garin Columbia na jihar Maryland, wasu ma'aurata sun shafe shekaru suna renon irin wannan lambu, sai a 2017 ƙungiyar unguwarsu ta aiko musu wasiƙar lauya cewa su tumɓuke su mayar da ciyawa, bayan ƙorafin wani maƙwabci. Suka ƙi, aka shiga shari'a, maganar ta kai majalisar jiha. A 2021 Maryland ta yi dokar da ta hana waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum ya rufe filinsa da ciyawa zalla. Fulorida ta riga ta yin makamanciyarta tun 2009. A Nevada kuwa, inda ruwan kogin Colorado ke ja baya, abin ya juye gaba ɗaya: dokar 2021 ta umarci a cire ciyawar ado da ba mai taka ta a bakin tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Vegas.

A nan ina ganin mai lambun ne ke da gaskiya. Abin da bai yi wa idonka daɗi ba bai zama cuta ba, matuƙar bai toshe hanya ko ya tara ƙazanta ba.

Amma ciyar da tsuntsu ai sadaka ce. Me ya kawo faɗa?

Ba mai musun ladan tausaya wa dabba. Hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa sananne ne. Matsalar ita ce abincin ba ya tsayawa ga wanda aka yi niyyar ba. Mai gida zai rataye kwanon hatsi a reshe don ƙananan tsuntsaye, su kuwa suna ci suna barbaɗarwa ƙasa. Da magariba ɓeraye su zo kalen abin da ya zuba, su haƙa rami a ƙarƙashin shinge, kuma sau da yawa ɗakin ajiyar maƙwabci suke mayarwa gida. Tattabaru su jeru a kan rufinsa, kashinsu ya sauka a kan mota da shanyar da aka yi da safe. Wanda ya ji daɗin kallon tsuntsaye daban, wanda ke wankin mota daban. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. A Landan ƙorafin ya fi yawa a kan masu ajiye wa yanyawa ragowar nama a bayan gida, don takan saba da wurin, ta tona lambun mutane, ta yi ta kuka cikin dare.

Wannan ne ya sa birane suka shiga maganar. An hana ciyar da tattabaru a dandalin Trafalgar na Landan a 2003, lokacin magajin gari Ken Livingstone, Banis ta Italiya ma ta hana a dandalin San Marco a 2008. A Mumbai ta Indiya, da hukuma ta rufe wuraren ciyar da tattabaru a 2025 saboda lafiyar huhun jama'a, mabiya addinin Jain sun fito zanga-zanga, don a wurinsu ibada ce. A wannan ɓangare, sau da yawa mai ƙorafin ne ke da hujja, kuma ƙa'idar da malamanmu ke kawowa, babu cuta babu cutarwa, ta ishe ta.

Su dabbobin, ba su amfana ne?

Ba kullum ba. Inda tsuntsaye suka taru a kwano ɗaya, nan cuta ke yaɗuwa. A Birtaniya wata cutar maƙogwaro da ta ɓulla wajen 2005 ta yi wa wani ɗan koren tsuntsu na lambu mummunar ɓarna, har aka sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana a 2021, kuma kwanukan da ba a wankewa na cikin abin da ya yaɗa ta. Na manyan dabbobi ya fi muni. Beyar (wata ƙatuwar dabbar daji) da ta saba samun abinci a bayan gida takan daina tsoron mutane, ta fara fasa kwandon shara da ƙofar gareji, ƙarshenta jami'an gandun daji su harbe ta. Jihohin Amurka da dama sun hana ciyar da ita, wasu kuma sun hana tara barewa a wuri ɗaya da masara saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke bi ta miyau.

Me ya sa ake yawan ambaton shinge a Ingila?

Saboda wata bishiya da ake kira leylandii, wadda kan ƙara kusan mita guda a shekara, ba ta kuma zubar da ganye. Mutum zai shuka ta don sirri, bayan shekara goma ta jefa falon maƙwabci cikin duhu. Wata dokar 2003, wadda sashenta kan dogon shinge ya fara aiki a Ingila a 2005, ta ba mutum damar kai ƙara ƙaramar hukuma idan irin wannan shinge ya wuce mita 2 yana cutar da shi. Amma sai ya nuna ya fara neman sulhu, kuma yawanci shi zai biya kuɗin shigar da ƙarar.

Reshen da ya tsallako gidana fa, zan iya sarewa?

Wannan kam mun san shi, don ko a Kano da Zinder mangwaro da darbejiya sun sha kai mutane gaban mai unguwa, ko dai ganye ya toshe magudana ko saiwa ta tsaga katanga. A dokar Ingila kana iya sare reshen daidai kan iyakarka, ba tare da ka taka filin maƙwabci ba, in dai bishiyar ba ta cikin waɗanda hukuma ta ba kariya. Sai dai reshen da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiyar ne, don haka za ka tambaye shi ko yana so. In ya ce ba ya buƙata, kwashewa ta zama taka, ba a yarda ka wurga masa ta kan shinge ba.