Magajiya

Magajiya kalma ce da Hausawa ke kiran macen da ke riƙe da jama'a, wadda in ta yi magana ake saurare. Asalinta daga aikatau "gada" ne, wato karɓar abin da na gaba ya bari. An ɗora masa ɗafa-goshin "ma-" kamar yadda ake yi a "manomi" da "maƙeri", sai aka samu magaji ga namiji, magajiya ga mace, jam'i kuma magada. Don haka tun daga tushe, magajiya mace ce da aka damƙa wa amana ta riƙe.

A tarihin Daura, Magajiya ake kiran sarauniyoyin da suka yi mulki kafin zuwan Bayajidda, kuma ta ƙarshensu ita ce Daurama. Ƙasar Zazzau ma ta san mulkin mata ƙwarai. Nan Amina 'yar Bakwa Turunku ta yi zamaninta, har ake mata kirari da "mace mai kamar maza", kuma ruwaya ta ce daga sunan ƙanwarta Zariya birnin ya samo suna. A fadar Zazzau ta kafin jihadi akwai sarautun mata, irin su Sarauniya da Iya. Bayan Sarki Makau ya fice ya nufi Zuba, Fulani suka karɓi mulki, sarautar Iya ta koma hannun maza, kuma haka take har yau. Sunayen dai sun tsira a bakin mutanen birni: akwai Unguwar Iya, akwai Unguwar Magajiya.

Daga baya kalmar ta sauka daga fada ta shiga gari. Shugabar 'yan bori magajiya ce. Haka ake kiran uwar gidan mata masu zaman kansu, mai karɓar baƙuwa, ta ba ta ɗaki, ta raba faɗa, ta tsaya mata gaban hukuma. A siyasar shekarun 1950, jam'iyyun NEPU da NPC sun dogara da irin waɗannan shugabannin mata wajen tara jama'a. A wannan zamanin ne Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, ta jagoranci matan NEPU.

Abin takaici shi ne yau da yawan matasa in sun ji "magajiya", gidan karuwai kaɗai ke faɗo musu a rai, alhali har gobe Magajiya sarauta ce mai daraja a masarautar Daura.