Jan ruwan sha daga tafki da tasirinsa ga kifaye masu ƙaura

Jan ruwan sha daga tafki shi ne zuƙo ruwa da manyan injina ta bututu zuwa matatar ruwa kafin a raba wa jama'a. Matakin tafki lissafi ne na shiga da fita. Ruwan sama, koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa su ke zubawa. Zafin rana, kogin da ke fita daga tafkin da injinan ja su ke ragewa. Duk ranar da fita ta fi shiga, ruwa zai ja baya.

Santimita 1 na ruwa a kan murabba'in kilomita 1 daidai yake da mita kubik 10,000. Birni mai mutum miliyan 1, idan kowa yana amfani da lita 150 a rana, yana bukatar mita kubik 150,000 kullum. A tafki mai faɗin murabba'in kilomita 50, wannan milimita 3 ne kawai a rana, abin da ido ba zai gani ba. Amma wata shida ba ruwan sama, ya zarce rabin mita, ban da abin da rana ta ƙafar. Idan gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, wadda sai an yi tafiyar mita 100 kafin zurfi ya kai mita 1, rabin mitan nan zai bar mita 50 na bakin ruwa a bushe. Nan ne kuwa kifaye da yawa ke zuba ƙwai, a kan tsakuwa da ciyawa. Ƙwan da ruwa ya janye ya bari, a wuni ɗaya rana take gama da shi.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne mafitar tafki. Ruwan da ke tsallake bakin mafita ba ya raguwa daidai da raguwar tsayinsa, ya fi haka saurin faɗuwa. Idan tsayin ruwa a kan bakin ya sauka daga santimita 40 zuwa 20, abin da ke kwarara yana komawa kusan kashi ɗaya cikin uku. Da matakin ya sauka ƙasa da bakin, kogin ya yanke ke nan. Manyan kifaye irin su salmon da ke hawowa daga teku za su taru a ƙasa ba hanya, ƙananan da ya kamata su gangara kuma su maƙale a sama. Haka bakin rafukan da ke shiga tafki: ruwa yakan bazu a kan yashi, zurfinsa bai rufe bayan kifi ba, tsuntsaye na jira. Ruwa marar zurfi yana saurin ɗumi, iskar oksijin da ke cikinsa ta ragu, kuma salmon yakan dakatar da hawa idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 21.

Bakin bututun kansa tarko ne. Ƴaƴan kifi ba su da ƙarfin tsere wa zuƙa, ko dai su shige cikin inji ko su manne a jikin ragar da ake sa wa bakin bututun don tare su. Ƙa'idar hukumar kula da kifayen teku ta Amurka ga ƴaƴan salmon ita ce saurin ruwa a gaban raga kada ya wuce mita 0.12 a daƙiƙa, ramukan raga masu zagaye kuma kada su fi milimita 2.4. Ragar da gansakuka ta toshe rabinta tana ninka saurin ruwa a sauran rabin, shi ya sa rashin goge ta ke ɓata aikin duka.

Tafkin Galili a Isra'ila misali ne. A 1964 aka fara jan ruwansa zuwa babbar hanyar ruwa ta ƙasar, kuma an sa masa jan layi na ƙasa, wato iyakar da ba a so ruwan ya sauka ƙasa da ita, a mita 213 ƙasa da matakin teku. A 2001 ya sauka har mita 214.87.

Wajen tantance ruwan da za a bar wa kogi, har yanzu ana amfani da tsarin da wani masani mai suna Tennant ya fitar a 1976: kashi 10 cikin 100 na matsakaicin kwararar shekara shi ne na tsira da rai na ɗan lokaci, kashi 30 mai kyau, kashi 60 mafi kyau. Ma'auni ne na gaggawa, bai san makon da kifi ke tafiya ba. Saboda haka masu kula da ruwa kan rage ja a makonnin ƙaura, su cike gibin da rijiyoyin burtsatse ko ruwan ajiya, su kuma saki ruwa mai yawa na ƴan kwanaki don ya kira kifi. Tsanin kifi ma, wato hanyar ruwa mai matakai da ake gina wa kifi don ya hau zuwa tafki, sai an gina bakinsa na sama hawa-hawa, da ƙofofin da ake buɗewa bisa matakin ruwa, in ba haka ba tafki na sauka santimita kaɗan tsanin zai bushe.