Makarantar Kwana a Arewacin Najeriya: Rayuwar Ɗalibai da Yarensu

Makarantar kwana ita ce makarantar boko wadda ɗalibi ke zama a cikinta dare da rana har zangon karatu ya ƙare. A nan zai ci, a nan zai kwanta, ba ya ganin gida sai an ba da hutu. Ɗalibai kan ce mata bodin, kishiyarta kuwa ita ce jeka-ka-dawo. A Arewacin Najeriya irin wannan makaranta ce ta yaye yawancin 'yan bokon farko, ta kuma haifi wata al'ada tata ta kanta, mai sarautu da dokoki da horo da yare, wadda duk wanda bai shiga ba sai an yi masa tafinta. Barin gida don neman ilimi tsohon abu ne a ƙasar Hausa, almajirci ya riga boko da ɗaruruwan shekaru. Sabon abin da bodin ta zo da shi guda biyu ne: ƙararrawa, da kuma danƙa ragamar yara a hannun yara 'yan'uwansu.

Asali

A 1909 Hanns Vischer, Baturen da Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. Amma makarantar da sauran suka ɗauki samfuri daga gare ta ita ce Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, don horar da malaman da za su koyar a larduna. Turawan da suka tsara ta sun kwaikwayi makarantun 'ya'yan manya na Ingila ne, inda ake raba ɗalibai gida-gida, a naɗa musu shugabanni daga cikinsu, a kuma ɗauki wasanni da muhimmanci kusan daidai da darasi.

Kwalejin ta yi ƙaura zuwa Kaduna a 1938, daga nan sai Zariya a 1949, inda take har yau a kan hanyar Gaskiya. Ta sha sauya suna kafin ta tsaya a kan Kwalejin Barewa a 1971. Tsohon gininta na ƙasa a Katsina yanzu gidan tarihi ne. Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu a cikinta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Shehu Shagari, Aminu Kano, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta nan, a zamuna daban-daban.

Sunayen gidajen kwana na Barewa kaɗai sun isa darasin tarihi. Akwai gidan Lugard da na Clifford, gwamnoni ke nan. Akwai na Ɗan Hausa, sannan na Bieneman da na Mort, su biyun sun shugabanci kwalejin. Sai na Bello Kagara da na Nagwamatse, malamai 'yan ƙasa da suka koyar tun a Katsina, da na Sarkin Zazzau Ja'afaru da na Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Yaro zai shekara biyar yana yi wa tutar Mort ihu a filin wasa, ba lallai ya san ko wane ne Mort ɗin ba.

Makarantun midil na larduna, waɗanda daga cikinsu Kwalejin Rumfa ta Kano da Alhudahuda ta Zariya suka samo tushe, sun bi wannan sawu. Haka Kwalejin Gwamnati ta Keffi da aka kafa a 1949, da kwalejojin horar da malamai maza da mata, da kwalejojin gwamnatin tarayya da aka fara a 1966, ɗaya daga cikin ukun farko tana Sakkwato, da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da jihar Kano ta buɗe a 1977.

Yini guda

Ƙararrawar makarantu da yawa tsohon wilin mota ne da aka rataya a jikin bishiya, akwai kuma ɗalibin da aikinsa ke nan, taimkifa. Bugun farko tun kafin asuba. Daga masallaci kowa ya nufi foshan ɗinsa, wato yankin da aka yanka masa ya share kullum, sannan a yi rububin ruwan wanka, a taru a asambuli, a shiga aji. Sai hantsi ake karya kumallo. Bayan azahar da abincin rana akwai ɗan barcin dole da ake kira siyesta, wanda ƙananan ɗalibai ba safai suke samunsa ba, don lokacin ne ake aikensu. La'asar sakaliya wasanni ko leba, wato aikin ƙarfi irin su yankan ciyawa, bayan isha'i kuma firef, wato komawa aji kowa ya yi bitar kansa ba malami. Wajen ƙarfe goma a yi laitawut. A inda wutar lantarki ba ta zuwa, dokar kashe fitila kan faɗa ne a kan fitilar ƙwai da aci-balbal da tocila.

Asabar ranar dubawa ce. Tun daren Juma'a ake wanke daɓe, a goge taga, a ja zanen gado har ya miƙe ɗam, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Gidan da ya zo na ɗaya a yi masa tafi a asambuli, na kashin baya kuwa juniyoyinsa ne za su ji a jikinsu.

Mulkin siniya

A nan ainihin bodin take. Da an tashi daga aji malamai kan koma gidajensu, makaranta ta dawo hannun firfet-firfet, wato ɗaliban da aka naɗa shugabanni. A sama akwai hedboi ko hedgal. Ƙarƙashinsa kowane fanni da mai shi: na leba, na abinci, na lafiya, na wasanni, na masallaci, ga kuma kyaftin a kowane gida. Hausmasta da metiran, manyan da ke kula da gidajen kwana, suna nan, amma ƙara ba ta isa gare su sai abin ya faskara, wanda kuma ya kai ƙarar ya san zai dawo ya kwana ɗaki ɗaya da wanda ya kai. Firfet ɗin leba shi ne dodo. Na abinci kuwa kowa na son shiri da shi, dalili a bayyane yake.

Bayan masu muƙami, duk wanda ya girme ka da aji ko ɗaya ne siniyanka ne, ba ka kiran sunansa gatsau. Siniya na kishingiɗe a gado sai ya ɗaga murya ya ce "Wan boi!", duk juniyan da ya ji ya sheƙo da gudu, wanda ya zo ƙarshe shi zai ɗauki bokiti ya nufi famfo ko rijiya. Wanki, guga da dutsen gawayi, karɓo abinci daga dainin, fifita lokacin zafi, duk aikin ɗan fom wan ne. Ko da aka sauya tsarin karatu a shekarun 1980, fom ɗaya zuwa biyar ya koma shekara uku ta ƙaramar sakandare da uku ta babba, sunan azuzuwa ne kawai ya canza, ɗan ajin farko bai huta ba.

Horo iri-iri ne: tsallen kwaɗo, kamun kunne, nildawun (durƙusawa kan gwiwoyi) a kan tsakuwa da rana tsaka, yankan ciyawa da langalanga, wankin bayan gida, sai bulala. Gaba ɗayansu ana ce musu gwale-gwale. Tsofaffin ɗalibai da dama na yaba wannan tsari, suna cewa shi ya koya musu juriya da tashin asuba da iya zama da kowa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai mai ba da labarin yakan zama wanda ya jure ne. Akwai yaran da cin zali ya kora gida, akwai waɗanda duka ya raunata, abin da kuma ya sa al'adar ta daɗe shi ne kowane juniya yana haƙuri ne da niyyar ramawa a kan na bayansa.

Mafita ɗaya da tsarin ya bar wa ƙaramin yaro ita ce ya samu ubangida, wato siniyan da zai tsaya masa. Shi zai yi masa hidima, a madadin haka babu mai taɓa shi. A makarantun 'yan mata abin ya fi tsari da armashi: uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Uwar ɗaki kan ajiye wa 'yar tata kayan ci a lokarta, ta yi mata kitso, ta shiga faɗanta. Sau da yawa wannan zumunci kan wuce makaranta, har a kai ga bikin aure da suna.

Ciki

Babu hirar bodin da za ta yi nisa ba a zo kan gabza ba. Tuwon masara ne ko na dawa, mai gudaji, da miyar kuka tsululu wadda sai an yi sa'a a ga ɗigon mai a kanta. Abin lura, da wannan suna ake kiran abincin gidan yari, ɗalibai kuma sun san da haka sarai. Da safe koko ko kunu, wani lokaci da ƙosai, ko shayi ruwan bunu da guntun burodi. Ranar shinkafa da wake ko dafa-duka ranar farin ciki ce, wake mai ƙwari ma ba a mayar da shi.

Saboda haka akwatin ƙarfen da yaro ya zo da shi daga gida ya fi littattafansa daraja a idonsa. A ciki akwai garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa, ƙanzo, cincin, ɗan gata kuma har da madarar gari da dambun nama. Kwaki shi ne sarki: a jiƙa shi da sukari a sha, ko a kwaɗanta shi da ƙuli da yaji da mai. Masu dabara kan zuba masa ruwa su bar shi ya kumbura don ya yi auki. Makon farko na zango kowa attajiri ne. Idan zango ya raba tsakiya loka ta yi fayau, sai a koma ƙirga kwanakin bizitin, ranar da iyaye ke zuwa da kuloli. Yaron da garinsu ke da nisa, ba mai zuwar masa, a ranar ake gane ko yana da abokai.

Yare

Makarantu da yawa sun haramta Hausa a aji da harabar makaranta. Sunanta banakula, mai yin ta kuma a ci shi tara ko a hore shi. Tun a Katsina aka ɗora wannan harsashi, domin kwalejin ta yi suna wajen koyar da lafazin Ingilishi, kuma ana yawan kafa misali da Tafawa Ɓalewa. Amma dokar ba ta kashe Hausa ba, sai ma Hausar ta haɗiye Turancin makarantar ta lanƙwasa shi yadda bakinta ke so.

Wanda ya jera kalmomin zai ga wani rabo mai ban sha'awa. Kusan duk kalmar da ta shafi iko da lokaci daga Ingilishi ta zo: siniya, juniya, firfet, hedboi, firef, leba, rolkol, laitawut, autin, da egziyat, takardar izinin fita. Kalmomin yunwa da wuya da ƙauna kuwa yawancinsu na gida ne: gabza, kwaɗo, ƙanzo, gwale-gwale, tsallen kwaɗo, kamun kunne, uwar ɗaki. Aron ma bai tsira da ma'anarsa ta asali ba. Leba a bodin ba ta nufin aikin lada, yankan ciyawa ne kyauta. Siniya ba shekaru ba ne, ɗan shekara sha huɗu kan sa ɗan sha bakwai nildawun idan ya riga shi shiga. Kalmomin kan ɗauki jam'i da aikatau irin na Hausa, a ce siniyoyi da juniyoyi da lokoki, a ce "an yi fanishin ɗinmu" ko "ya yi dojin firef". Kowace makaranta kuma tana da nata na cikin gida, musamman laƙabin malamai, wanda aji ke gada daga aji har malamin ya yi ritaya bai san sunansa na biyu ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba.

Wasanni da sauran al'adu

Gasar gidaje, intahaus, ita ce babbar sallar shekara: gudu, tsalle, jan igiya, maci, kowane gida da launinsa. Wasan da ya bambanta tsofaffin makarantun Arewa da na sauran Najeriya shi ne fayif, ƙwallon da ake buga wa bango da tafin hannu. Daga makarantar Eton ta Ingila ya samo asali, wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo shi a shekarun 1920. Sardauna gwaninsa ne tun yana ɗalibi, bai kuma daina bugawa ba har yana Firimiya. Har yanzu ana buga shi a Katsina da Sakkwato da wasu biranen.

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, da aka kafa a Legas a 1954, da takwararta ta Kirista, FCS, da ta faro daga Gindiri a 1957, su ne suka fi kowace ƙungiya jama'a. Akwai kadet, da sikawut, da muhawara da wasan kwaikwayo a daren Asabar. Akwai kuma al'adar da ba ta cikin kowane jadawali: tsallake katanga a shiga gari cin tuwon kirki ko kallo.

Dare na da nasa labaran. Kusan kowace makarantar 'yan mata na da labarin mai ƙwas-ƙwas, matar da ake jin ƙarar takalminta a baranda bayan an kashe fitila. A tsakiyar shekarun 1990 batun ya wuce hira, lokacin da ɗalibai mata masu yawa a wasu makarantun Kano suka riƙa faɗuwa suna fizge-fizge, aka danganta abin da wata aljana mai suna Sumbuƙa, har aka riƙa gayyato malaman ruƙiyya.

Rufewar zaman ita ce kandi, shagalin 'yan ajin ƙarshe bayan takardar ƙarshe ta WAEC ko NECO, inda ake rubuce farar riga da sa hannun abokai. Hukumomin ilimi a wasu jihohi sun sha hana shi saboda wuce gona da iri.

Halin da ake ciki

Bodin ta gwamnati ta ja baya. Ɗalibai sun yi yawa, kuɗin ciyarwa ya gaza, an mayar da makarantu da dama jeka-ka-dawo, masu hali kuma suka koma makarantun kuɗi, ciki har da na kwana masu haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Sannan rashin tsaro ya zo. A Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Buni Yadi, a Afrilun shekarar aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Dapchi ta biyo baya a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kwashe yara maza fiye da 300, sai Kagara da Jangeɓe da Birnin Yawuri a 2021. Nisa da gari, wanda dā aka zaɓa don yara su samu natsuwa, shi ya zama haɗari, jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na karkara ko suka haɗe su da na cikin birni.

Gyaran da ake gani a tsofaffin makarantun yau, rijiyar burtsatse ko sabon rufin ɗakin kwana, galibi aikin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ne. Ta Barewa, BOBA, tana cikin mafi daɗewa. A can kowane ɗalibi yana da lambar shiga da ke bin jeri tun daga Katsina: Ahmadu Bello 87, Tafawa Ɓalewa 145. Idan tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu, ko ɗaya minista ne ɗaya malamin firamare, akan fara da tambayar lamba da gida, mai ƙaramar lamba kuma shi ne siniya.