Ba cokalin sukari kaɗai ke kawo ciwon sukari ba

Da an ce wane ya kamu, sai ka ji, "Ai dama cokali huɗu yake zubawa a shayi." Lamarin ya wuce nan. Nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, yana bin jini. Ɗaruruwan wurare ne a ƙwayoyin gado ke haɗuwa, kowanne da ɗan tasirinsa. A 2006 masu bincike a Iceland suka gano alaƙar ciwon da wata ƙwayar gado mai suna TCF7L2, wadda ke taɓa yadda jiki ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Shi ya sa wani siriri, wanda zaƙi bai dame shi ba, kan kamu.

Sai dai ƙiba da yawan zama ke tayar da gadon. 'Yan ƙabilar Pima na jihar Arizona ta Amurka sun fi danginsu manoman tsaunukan Meziko kamuwa, nesa ba kusa ba.