Mayar da Gem ɗin Laɓewa Littafi: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Matasan marubuta na Maraɗi, musamman waɗanda suka tashi suna zarya a gidajen gem, tambayoyinsu a kan wannan batu ba sa sauyawa. Na tara amsoshin a nan domin kowa ya karanta kafin ya sake nemana.

Mene ne gem ɗin laɓewa?

Shi ne wanda ake cin nasararsa ta hanyar wucewa ba tare da an gan ka ba. Metal Gear Solid, wanda Hideo Kojima ya tsara wa kamfanin Konami a 1998, ya isa misali.

An taɓa mayar da irinsa littafi?

An sha yi. Raymond Benson ya fitar da littafin Metal Gear Solid a 2008, kuma shi ne ya rubuta na Splinter Cell, wani gem ɗin laɓewa, a 2004 da sunan aro, David Michaels.

Zan iya rubuta nawa da Hausa in riƙa sayarwa a WhatsApp?

A'a, ƙanena. Labarin da sunayen taurarinsa mallakar kamfani ne, kuma littattafan da na ambata da izini aka rubuta su. Nijar tana cikin yarjejeniyar Bern ta kare haƙƙin mawallafa, muna kuma da BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, a Yamai. Abin takaici ne a ga marubucin da ke kuka idan an sace masa babi ɗaya yana shirin kwashe aikin wasu gaba ɗaya. Ka ƙirƙiri tauraronka, domin salon laɓewa ba na kowa ba ne.

Yaya zan rubuta wurin laɓewa ba tare da mai karatu ya ƙosa ba?

A nan ne aikin yake, kuma amsar ta danganta da irin labarinka. Mai buga gem yana jin tsoro ne saboda kuskuren nasa ne: shi ya motsa kafin mai gadi ya juya baya, aka gan shi, ya mutu, ya sake daga farko. Mai karatu ba ya riƙe da komai, kuma ya san tauraron ba zai mutu a babi na uku ba. Saboda haka, idan ka jera masa cewa tauraro ya shiga kwali, ya ƙwanƙwasa bango, ya rarrafa ta ƙarƙashin mota, jagorar buga gem ka rubuta.

A ganina, mafi yawan lokaci gara ka mayar da mai gadin mutum. A gem, taswirar da ke gefen allo tana nuna iya inda idonsa ke kaiwa, shi ke nan. A littafi, ka ba shi tari, da barcin da ke fizgarsa, da rediyon da yake sauraro a hankali, har mai karatu ya ji nauyin abin da zai faru idan su biyun suka haɗa ido. Sai dai kada ka yi wa kowane mai gadi haka, domin labarin zai tsaya cik. Wani lokaci kuma ya fi kyau a bar tauraron a koma kan mai gadin, ya ga sawun ƙafa a ƙasa ya fara bi, kamar yadda masu gadin Shadow Moses, tsibirin da labarin Metal Gear Solid ke faruwa, ke bin sawu a kan dusar ƙanƙara. Wannan dabara tana aiki idan labarin yana yawo tsakanin mutane da yawa. Idan kuwa da bakin tauraro kake ba da shi, ba ka da wannan dama, sai ka dogara da abin da kunnensa ke ji da kuma lokacin da ke ƙure masa.

Wurin da Psycho Mantis, ɗaya daga cikin abokan gaba a Metal Gear Solid, ke karanta katin ajiyar gem na mai wasa fa?

Ka bar shi. An gina shi ne a kan na'urar da ke hannun mai wasa, wanda ke zare wayar abin buga gem ya sauya mata wuri domin ya ci galabar Mantis, takarda kuwa ba ta da wurin sauya waya.

Dole ne labarin ya faru a ƙasar waje?

Ko kaɗan, ka kwantar da hankalinka. Ɗakin ajiyar kaya a babbar kasuwar Maraɗi bayan an tashi, da mai gadi ɗaya riƙe da tocila, ya ishe ka babin farko.