Don Allah ku bar taɓa fim ɗin da muka sa muku a baki

A makon nan sai da na yi ta maimaita hoton haƙori a ɗakin radiyonmu, wato inda muke ɗaukar hoton X-ray, a nan Garwa, kuma dalilin ɗaya ne. Na saka ɗan fim a bayan haƙori, na saita bakin na'ura, na ce kada a motsa, na koma bayan bango in danna. Kafin in waiwayo, mutum ya kai yatsa ya danne fim ɗin har ya lanƙwashe, ko ya ture shi da harshe wai yana sukarsa. Haba 'yan'uwa!

Hoton nan fa inuwa ce. Kowa ya san inuwarsa da tsakar rana guntuwa ce, da la'asar sakaliya kuwa sai ta ninka tsawonsa. Mutum yana nan yadda yake, rana ce ta karkata. Haka haƙori. In fim ya miƙe daidai da shi, haske ya faɗa musu kai tsaye, tsawon da ya fito shi ne na gaskiya. Da kun karkatar da shi, saiwar ta fito zungureriya ko ta dunƙule. Likitan da zai wanke jijiyar haƙori da milimita yake aiki. Fiƙar sama takan kai wajen milimita 26. Hoto ya ƙara mata uku na ƙarya, ina zai tsayar da ɗan siririn ƙarfensa? In kai ya juya kuma, haƙora biyu su hau kan juna, ruɓewar da ke tsakaninsu ta ɓuya, ka koma gida da ciwonka.

Na san yana takura, musamman ƙarƙashin harshe. Baba, na ga ƙwalla a idonka, ban ce ƙarya kake ba. Amma ɗaukar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Daƙiƙa ɗaya! Ka motsa, mu sake, ka ƙara shan hasken da bai zama dole ba, 'yan layi na can suna zufa.

In ya yi zafi, ku ɗaga hannu tun ban danna ba, zan gyara da kaina. Ku ciji abin riƙe fim ɗin, ku yi numfashi ta hanci, hannu a kan cinya. In hoton da na'ura ke zagaya kai ne, Hajiya, a cire 'yan kunne, sarƙa, fil ɗin mayafi da haƙoran roba, a manna harshe a ganɗa har na'urar ta tsaya. Mai juna biyu ta faɗa mana tun daga bakin ƙofa.